Bayan an tashi daga sankara, a kula da zuciya: jawabi a taron ƙungiyar Hausawa mazauna Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, yayyena da ƙannena, barkanmu da wannan zama, ya kuma sanyi? Kwamitin lafiya ne ya ɗora mini in yi magana a kan waɗanda Allah ya tashi kafaɗunsu daga ciwon sankara. Na san akwai su a zauren nan. Wasu mun sani, wasu sun bar wa cikinsu, kuma hakkinsu ne. Maganar ta shafe su, ta kuma shafe mu da muke kewaye da su.

Ranar da likita ya ce ba a ga komai a hoto ba, gida yakan cika da murna. A yi sadaka, a buga waya Kano da Damagaram a yi albishir, daga nan mu ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A cikin mata masu shekaru da aka gano musu sankarar mama da wuri aka yi magani, ciwon zuciya yakan fi sankarar kanta ɗaukar rai daga baya. Dalilin kuwa, wani ɓangarensa yana cikin maganin da ya cece su.

Duk wadda ta yi kemo ta san jan maganin nan, doxorubicin, wanda ake tura shi a jijiya a hankali, har fitsari ya koma ja na kwana ɗaya ko biyu. Yana kashe sankarar mama da ta ƙululun jiki sosai, amma yana iya raunana naman zuciya, kuma gwargwadon yawan da aka ba mutum gwargwadon haɗarin. Akwai kuma maganin Herceptin, wanda saboda shi ake yi wa mace hoton zuciya kusan duk wata uku tana cikin karɓa. Akwai gashi, wato ƙona sankara da haske, musamman a maman hagu, inda zuciya take kwance a ƙasa. A 2013 masu bincike daga Oxford sun bi bayanan mata sama da 2,000 a Suwidin da Denmak, suka ga haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya yana hawa da yawan hasken da ya taɓa ta, yana farawa cikin shekaru biyar na farko, yana ci gaba har shekara ashirin. Shi ya sa yanzu a ɗakin gashi ake cewa mace ta ja numfashi ta cika ƙirji ta riƙe, don huhu ya ture zuciya daga hanyar hasken. Iyayenmu maza, ku ma da ku. A ƙasar nan baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai gamu da sankarar mafitsara ta maza, wato prostate, a rayuwarsa, kuma allurar da ake yi don danne sinadarin maza tana kawo teɓa, tana ɗaga suga da kitsen jini.

Don Allah kada wani ya fita daga nan ya ce na hana karɓar magani. Mafi yawan waɗanda suka sha magungunan nan zuciyarsu lafiya lau take, kuma ba don su ba da wasu ba sa tare da mu yau. Abin da nake so ku riƙe shi ne, wanda ya bi ta wannan hanya zuciyarsa ta riga ta ɗauki kaya, bai kamata a ƙara mata na hawan jini da suga da taba ba. Mu kuwa baƙar fata hawan jini yana saurin kama mu, ciwon suga ma hukumar lafiya ta ƙasar nan, NHS, tana cewa haɗarinsa yana fara mana tun daga shekara 25, su Turawa sai 40.

Yanzu mu dubi yadda muke jinya. Hajiya ta dawo gida, mun zo dubiya. Wannan ta shigo da kular farfesun kayan ciki, waccan da soyayyen nama da cincin, wani ya kawo katan ɗin lemo. Ta yunƙura za ta ɗauko ruwa a kicin, mutum uku sun tare ta: “Kwanta, Hajiya, ki huta, ke da kika sha wuya!” Wata shida tana kan kujera ɗaya, ana tura mata abinci don ta murmure. Ƙauna ce tsantsa, na sani, amma wannan kwanciyar tana cutar da ita. Gajiyar da ke biyo bayan kemo ma, tafiya a ƙasa na cikin abin da ya fi rage ta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar, irin tafiyar da za ka ji numfashi ya ƙaru amma kana iya magana. Wanda bai da ƙarfi ya fara da minti goma bayan ya tambayi likitansa. Na san da hunturu ƙarfe huɗu duhu ya yi, na san wasunmu aikin dare suke yi a gidajen kula da tsofaffi, wasu suna wuni a kujerar tasi. A sauka daga bas kafin tasha ɗaya, a taka zuwa masallaci, a zaga cikin babban kanti idan ana ruwa. Mai zuwa dubiya kuma, ya ce mata ta sako rigar sanyi su ɗan taka tare.

Sai tukunya. Gishirin da aka yarje wa babba a wuni bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ku lissafa dunƙule nawa muke marmasawa a miya ɗaya, alhali babban kasonsa gishiri ne, ga wanda ke cikin yaji da kilishi da burodi. Ba sai mun koma cin abincin Turawa ba. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna ɗaga miya. Wake, zogale, kuɓewa, rama, gero, acha, kifi, duk ana samunsu a shagunanmu. A rage man da ke iyo a saman miya, a rage sukari a shayi da zoɓo. Taba da shisha kuwa babu batun ragewa ga wanda ya tashi daga wannan ciwo, bari ne kawai, kuma NHS na taimakawa kyauta.

Ku da kuka yi jinyar, ku nemi takardar da ta taƙaita maganin da aka yi muku: sunan maganin, yawansa, da gefen da aka yi gashi. Ku ajiye ta tare da fasfo, domin bayan shekara goma sabon GP, wato likitan unguwa, ba lallai ya sani ba, balle likitan da za ku gani a gida in kun je hutu. Ku tambaya ko kuna cikin masu bukatar hoton zuciya. Ba roƙo ba ne: tun 2022 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar da ƙa'idojin bin diddigin zuciyar masu sankara. In an aiko muku sassaƙe ko jiƙo daga gida, ku nuna wa likita kafin ku sha, haka ma batun azumi in kuna kan magani. Haki a kan matakalar da da kuke hawa lafiya, kumburin ƙafa, kasa kwanciya sai da filo uku, bugun zuciya barkatai, kada a ce sanyi ne ko tsufa, a je a gani. Ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora masa dutse, a kira 999 nan take.

Ranka ya daɗe shugaba, kwamiti na roƙon abu biyu. A abincin taronmu a riƙa ware tukunya ɗaya mai ƙarancin gishiri da mai, a ajiye ruwa kusa da lemo. Sannan a amince mana da tafiyar safiyar Asabar, mata rukuninsu, maza nasu. Na'urar awon jini tana kan teburin baya, za mu zauna bayan salla. Wanda nasa ya kai 140 bisa 90 za mu rubuta masa a takarda ya kai wa GP a makon nan, kuma abin da muka gani ba zai wuce teburin ba.

Allah ya ƙara wa marasa lafiyarmu sauƙi, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Na gode. Wassalamu alaikum.