Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina Yayin Ziyarar Ganin Manhajar Neman Wurin Fakin a Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Kwamishina, manyan jami'an da suka rufa masa baya, iyayenmu shugabannin kasuwa, wakilan direbobi da masu gadin motoci, 'yan'uwa maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin matasan da suka haɗa wannan manhaja, ina yi wa mai girma Kwamishina lale marhabin. Mun san hidimomi sun yi maka yawa, amma ka tako da ƙafarka. Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, ba sai an ba Bakano labarin matsalar ba. Duk wanda ya taɓa nufar Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari da mota da hantsi ya santa. Ka bi Ibrahim Taiwo, ka karya Bello Road, ka sake dawowa, mai yana ƙonewa, tirela ta cinye rabin titi tana sauke kaya, masu baro suna ta "hanya, hanya!" Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 kuma adaidaita sahu ta cika gari, ita ma wurin tsayawar take nema. Ƙarshe mutum ya gaji ya cusa motarsa inda bai kamata ba, ya dawo ya tarar da tara. Da yawa daga motocin da ke cikin cunkoson nan sun riga sun iso inda za su, zagaye kawai suke yi.

Aikin manhajar ba shi da yawa. Direba ya faɗi inda ya nufa, ta nuna masa wuraren fakin na kusa, gurbi nawa ya rage, nawa ake biya, ƙarfe nawa ake rufe get.

Wahalar tana wajen sanin gurbin. Birnin San Francisco na Amurka a 2011 na'urori ya binne cikin kwalta, su ke sanar da cewa mota ta hau ko ta tashi. Mu ba mu da wannan kuɗi, kuma ko da muna da shi, ban ga yadda na'ura za ta sha da yashi da ruwan Agusta ba. Sai muka koma ga masu gadin motoci, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mota ta shiga, mai gadi ya danna. Ta fita, ya danna. Wanda ba shi da babbar waya, ƙaramar ma ta wadatar, da irin lambobin nan da ake tura kuɗin banki. In kuma ya daɗe bai taɓa wayar ba, ko sallah ya tafi ko sabis ne ya ɗauke, manhajar ba ta rufa wa kanta asiri: za ta gaya wa direba rabonta da sabon bayani.

Abu guda muka ƙi yi, duk da an ba mu shawararsa. A San Francisco ɗin dai, a 2014, hukuma ta taka wa manhajar MonkeyParking birki saboda masu mota suna gwanjon gurbin gefen titi ga wanda ya fi tayi. Titi na jama'a ne, ba za mu sayar da shi ba.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, ba na kuɗi ba ne. Muna neman taswira a hukumance, wadda ma'aikatarka da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA suka amince da ita, ta inda aka yarda a ajiye mota da inda aka hana, a kuma kafa alluna a shafa fenti, yadda abin da waya ta faɗa zai dace da abin da jami'in kan titi zai faɗa. In babu wannan, mu da kanmu za mu iya tura mutum inda za a kama shi. Masu gadin nan kuma a yi musu rajista da katin shaida, tunda a kansu aikin ya rataya.

Yanzu ɗaya daga cikinsu zai nuna maka yadda yake yi da wayarsa, sannan mu saurari jawabinka. Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.