Lacca: Ƙara faɗin titi da maganar hayaƙin mota

To jama'a bari mu fara da lita ɗaya ta fetur. Nauyinta ko kilo ɗaya bai kai ba, amma in inji ya ƙona ta, iskar kabon da za ta fita ta salansa ta kai kilo 2.3, dizal ma ya fi, wajen 2.7. Na ga wani can baya yana girgiza kai, ai oksijin ɗin da ke cikin iska ne yake haɗuwa da kabon ɗin, shi ya ƙara nauyin. Shi ya sa sufuri ke da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na kabon ɗin da duniya ke fitarwa wajen ƙona makamashi, kuma mafi yawansa daga kan titi yake fitowa.

Abin da gwamnatoci suka fi so kuwa shi ne a ƙara faɗin titi, wai in gosulo ya ragu motoci za su daina tsayawa suna ƙona mai a banza. Da jin maganar kamar gaskiya. Amma a 2011 wasu masana biyu, Duranton da Turner, sun bi lissafin biranen Amurka suka gano in ka ƙara titi da kashi 10 cikin 100, tafiyar da motoci ke yi ita ma sai ta ƙaru da kusan kashi 10. Dalili? Wanda da can yake haƙura da fita saboda cunkoso yanzu zai fito, mai shiga bas zai ɗauko motarsa, wani kuma ya tare can bayan gari tunda hanya ta yi kyau, kafin ka ankara titin ya sake cika maƙil. A birnin Houston na Amurka sun faɗaɗa wani babban titi mai suna Katy Freeway a 2008, 'yan shekaru kaɗan gosulon ya dawo abinsa.

Stockholm kuwa, babban birnin Sweden, maimakon faɗaɗa titi, a 2006 gwaji suka yi na wata bakwai, duk motar da za ta shiga tsakiyar birni da rana sai ta biya, motocin suka ragu da wajen kashi 20. Da aka tsayar da gwajin sai ga su sun dawo, mutane suka gani da idonsu, aka kaɗa ƙuri'a suka amince, a 2007 abin ya zauna daram. Landan tun 2003 take yi, Singafo ma tun 1975.

Ni dai a ganina in za ka karɓi kuɗin nan dole a zuba shi a bas da jirgin ƙasa, in ba haka ba talaka ka kora daga titi ka bar wa mai hali.

Motar lantarki fa? A Norway kusan 9 cikin 10 na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, saboda an ɗauke musu haraji shekara da shekaru, amma ku lura wutarsu daga madatsun ruwa take zuwa. Inda da gawayin kwal ake samar da wuta, wani kaso na hayaƙin tashi kawai ya yi daga salansa ya koma tashar wutar.