Amsoshin Tambayoyinku: Me Dutsen Guga Ke Yi a Jikin Jirgin Sama?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta yau daga Zariya ta fito, daga wani ɗalibi. Ya ce ya ga hoton wani Ba'amurke a garejin gidansa yana bin jikin ƙaramin jirgin sama da dutsen guga. Yana tambaya, da gaske ne ana lulluɓe jirgi da yadi, kuma me ya kawo guga cikin maganar?

To ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba. Jiragen nan uku na sojan saman Ingila da suka fara sauka a Kano a watan Nuwamban 1925, ƙirar DH.9A, katako ne da yadi. A wancan zamani auduga ko lilin ake shimfiɗawa, a shafa wani ruwan magani da ke sa shi ɗamewa in ya bushe. Amma yakan ruɓe, ga saurin kama wuta. Daga shekarun 1960 yadin poliyesta ya karɓi filin, kuma Ray Stits na Kalifoniya na cikin waɗanda suka fito da tsarin aikin da ake bi har yau, wanda ake sayarwa da sunan Poly-Fiber.

Gangar jikin ƙananan jiragen da suka biyo baya masu lulluɓin yadi, kamar Piper Cub ko Kitfox da mutane ke haɗawa a gida, siraran bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda. Sai an kankare tsatsa an shafa fentin kariya, an naɗe duk wani kaifi da tef don kada ya ci yadin, sannan a manna shi da gam na musamman a gefe-gefe. A wannan lokaci in ka gan shi sai ka ce ba a iya aiki ba, ya yi sako-sako kamar rigar aro. Haka ake so.

Nan ne guga ke shigowa, kuma nan ne aikin yake. Zaren poliyesta in ya ji zafi tsukewa yake yi, wajen kashi 10 cikin 100. Za a fara da zafi digiri 120 a ma'aunin Salsiyos, a bi gefen dama, a koma hagu, don kada jan ya yi yawa a ɓangare ɗaya ya karkata ƙarfen. Kana tafiya da dutsen a hankali, kana ganin tattarar tana ɓacewa a gabansa. Daga nan a ɗaga zuwa digiri 177, wanda shi ne ƙarshe. In ka ƙwanƙwasa da yatsa sai ka ji amo irin na fatar ganga. Abin da nake so ka riƙe, ɗan'uwa, shi ne da zarar zafi ya kai wajen digiri 190, zaren sakewa yake yi, kuma ba ya komawa har abada. Tazarar digiri 13 ce kacal tsakanin gyara da ɓarna. Shi ya sa masu aikin ba sa yarda da rubutun da ke jikin dutsen guga. Ma'aunin zafi suke ɗorawa a tafinsa, su auna, su yi alama da kansu.

Wasiƙa ta biyu ta dace da wannan. Wani tela ne daga Maraɗi, ya ce shi yadin poliyesta a hannunsa yake wuni, shin na kasuwa zai yi, kuma dutsen gawayi fa?

Malam, Allah ya sa albarka a sana'a, amma a'a. Na kasuwa an riga an gasa shi an rina tun daga masaƙa, ya gama tsukewarsa. Na jirgi ɗanye ake barinsa da gangan. Dutsen gawayi kuwa kai ka fi ni sani, yanzu ya yi zafi jim kaɗan ya huce. Har na'urar busa iska mai zafi ana hana amfani da ita, domin ba ka san zafin da ke isa jikin yadin ba. Ran mutum ne zai hau kan abin nan.

Ta uku daga wata malamar makaranta a Agadas: rana ba ta cinye yadin?

Malama, tambayarki ta yi ma'ana ƙwarai, domin rana ce babbar abokiyar gabar poliyesta. Bayan guga ana shafa ruwan da ke toshe ƙofofin saƙar da buroshi, sannan a fesa fenti mai garin alminiyam sau da yawa, shi ne ke tare hasken. Akan sa ƙwan fitila a cikin jirgin a leƙa ta waje. In haske ya ɓullo, a ƙara wani shafin. Sai fentin ado a ƙarshe, da 'yan ramuka a ƙasa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Kuma duk wannan a wuri mai iska ake yinsa, da abin rufe hanci, don warin magungunan yana illa ga huhu.

Mu ɗan saurari sanarwa, in mun dawo akwai wasiƙa daga Kumasi.