Yadda ake ɗora tasha a oba-oba da hannu, ba kwamfuta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ƙanena, ɗan matso da kyamarar nan, su ga fuskar rediyon. Yauwa.

Yau oba-oba za mu taɓa, Baofeng UV-5R, wadda 'yan sintiri da masu gadi suka fi riƙewa a garin nan. Zango biyu gare ta. Na ƙasa VHF, megahaz 136 zuwa 174, na sama kuma UHF, 400 zuwa 520. Shi UHF faɗi gare shi, daga 300 yake tashi har 3000, wayarka ta GSM a kan 900 da 1800 duk a cikinsa take, har da Wi-Fi na 2400. Ni dai a cikin gari UHF nake so. Ka shiga layukan Kantin Kwari, bene kan bene, rumfa kan rumfa, ya fi kutsawa. In gona za ka, can wajen Kadawa inda fili yake shimfiɗe, to VHF ya fi ka amfani.

Na san kun yi caji, kun ɗaura eriya. Kada dai wani ya danna maɓallin magana ba eriya, zai iya ƙona rediyon.

Danna wannan ruwan lemon, VFO/MR, ka koma inda ake rubuta lambar mita. Ka tabbata 'yar kibiyar nan tana layin sama. Sai lambar. Ni zan sa 450.125 don misali kawai, ku kuma ku sa wadda aka ba ku. Hukuma ce ke raba mita a ƙasar nan, kada ka zaɓi lamba da ka, ka wayi gari kana surutu a kan layin jami'an tsaro.

Yanzu MENU, 27... a'a, tsaya. Kun gani, ni ma na kusa yin abin da na zo hana ku. EXIT. MENU, 28 tukuna, DEL-CH, wato goge tasha.

Ku saurara da kyau, nan ne wurin da ya wahalar da ni. Rediyon nan gurbi 128 gare ta, daga 0 zuwa 127. In gurbin da kake so akwai wani abu a ciki, ka zo ka ɗora sabuwar lamba a kai, ba ta share tsohuwar. Sai ta ɗauki sabuwar ta mai da ita lambar da kake magana da ita, ta bar tsohuwar a matsayin wadda kake saurare. Kai kana nan, kunnenka yana can. Shekarun baya wasu masu tsare taron maulidi suka kawo min guda shida da la'asar, na ɗora musu a gurguje saboda magariba ta kawo kai. Da daddare sai ga kira, "Malam, muna ta oba-oba ba mai amsawa." Na kwana ina zargin batir. Ashe ni ne ban goge ba.

Ta yaya za ka gane gurbi a cike yake? Dubi nan. In ka ga CH a gaban lambar, CH-005, da kaya a ciki. In 005 ne tsurarsa, babu kowa. To, MENU, na zaɓi 5, MENU, ya goge.

Kafin mu ajiye, mu sa sautin tacewa. MENU 13 na fita, MENU 11 na shiga, duka biyun na sa 88.5. Duk rediyoyinku su zama iri ɗaya. Wasu suna ce masa lambar sirri, ba sirri a ciki ko kaɗan. Kai ne dai ba za ka ji hayaniyar wasu ba, amma duk wanda ya bar nasa a kashe yana jin ka tar. MENU 25 kuma ku bar shi a OFF tunda ba na'urar maimaita sigina kuke bi ba.

Yanzu ne 27, MEM-CH, wato ajiye tasha. MENU, 005, MENU. Kun ji ta yi magana? EXIT. VFO/MR. Ga tasha ta 5 ta zauna.

Wani ya tambaye ni kilomita nawa take ci. Wat 4 zuwa 5 ne ƙarfinta, kuma UHF kamar ido yake, abin da ya hango shi yake kaiwa. A lungunan cikin birni ka samu kilomita ɗaya ko biyu, ka gode Allah. Hau Dutsen Dala da ita ka ji bambanci. Shi ya sa nake ce wa 'yan sintiri, mutum ɗaya ya hau bene, ya fi ku ƙara kuɗi kuna neman mai wat da yawa. Kuma a riƙe ta a tsaye, ba a kwance kamar mai cin rake ba.

Eriya ma, a 450 tsawon da ake buƙata, wato kwatan tsawon igiyar sigina, bai wuce santimita 17 ba, don haka ba sai ka sayi zungureriya ba. Muna da masu kyau a shago, da batir, da wayar haɗa ta da kwamfuta, mai son guda goma kuma akwai ragi. Ƙanena, ɗauki ɗayar ka sauka bakin titi mu gwada.

Kana ji na? Oba.

Kun ji shi ko? Ras.