Mary Celeste: jirgin da teku ta ƙyale, kyaftinsa ya kashe

Assalamu alaikum. Jama'a, sannunku da zuwa. Yau maganarmu a kan wani ɗan jirgin katako ce, mai ɗaukar kaya, wanda tsawonsa bai wuce ƙafa 100 da 'yan kai ba. Ba inji gare shi, iska ke tura shi. Sunansa Mary Celeste. Duniya ta san shi da ɓacewar mutanen cikinsa, amma ni abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda jirgin kansa ya ƙare.

An sassaƙa shi a 1861 a Spencer's Island, cikin yankin Nova Scotia na Kanada, aka raɗa masa suna Amazon. Tun a tafiyar farko kyaftinsa, Robert McLellan, ya kwanta ciwo ya rasu. A 1867 guguwa ta watsa shi gaɓar tsibirin Cape Breton. Aka sayar da shi a gurguje, aka gyara, ya koma hannun Amurkawa da sabon suna.

To, ku biyo ni nan. Ranar 7 ga Nuwamba, 1872, ya bar New York zai tafi Genoa ta Italiya da ganguna 1,701 na barasa, irin ta masana'antu, ba ta sha ba. Kyaftin Benjamin Briggs ya ɗauki matarsa Sarah da 'yarsu Sophia mai shekara biyu, ga ma'aikata bakwai. Ɗansu Arthur an bar shi wajen kakarsa saboda makaranta. Mutum goma ke nan.

Ranar 4 ga Disamba wani jirgi mai suna Dei Gratia ya hango shi tsakanin tsibiran Azores da Portugal, yana tangaɗi kamar ba mai riƙe da shi. Aka yi kira, shiru. Mataimakin kyaftin ɗin Dei Gratia, Oliver Deveau, ya hau. Ya tarar da ruwa kusan ƙafa uku da rabi a rumbun kaya, abin da bai isa nutsar da jirgi irin wannan ba. Abinci da ruwan sha suna nan, tufafin mutane suna nan, kaya suna nan. Sandar auna ruwa tana yashe a kan daɓe. Ƙaramin kwalekwalen tsira babu shi, kayan gane hanya na kyaftin ma babu. Rubutu na ƙarshe a littafin tafiyar jirgin na ranar 25 ga Nuwamba ne, kusa da tsibirin Santa Maria. Kwana tara ke nan jirgi yana tafiya shi kaɗai.

Labarin shayi mai zafi da aka ce an tarar a kan tebur, wannan ƙarin gishiri ne na masu ba da labari, ku ajiye shi gefe. Ni abin da hankalina ya fi kwanciya da shi, tsoro ne ya fitar da su. Da aka sauke kayan a Genoa an samu ganguna tara babu komai a ciki. Ku ɗauka kai ne Briggs: warin barasa ya cika jirgi, ko kuma an auna ruwa an ce maka yana hauhawa, ga 'yarka a hannun uwarta. Wa zai tsaya lissafi? Ka sa kowa a kwalekwale, da niyyar in abu ya lafa a dawo. Ba a sake ganin ko ɗayansu ba.

Deveau da mutum biyu suka kai jirgin Gibraltar. Maimakon godiya, lauyan gwamnati Frederick Solly-Flood ya yi zargin an yi kisa a jirgin, kuma su ma suna ɓoye wani abu, ba tare da wata hujja da ta tsaya ba. A ƙarshe ladan fam 1,700 aka ba su, ƙasa ƙwarai da abin da ake tsammani.

Daga nan jirgi ya zama mai baƙin jini. Shekara 12 yana yawo daga hannu zuwa hannu, har ya faɗa wajen Kyaftin Gilman Parker. Shi da wasu 'yan kasuwar Boston suka cika shi da tarkace, suka rubuta kaya masu tsada a takarda, suka yi masa inshorar dala 30,000. Ranar 3 ga Janairu, 1885, a gaɓar Haiti, Parker ya nufi duwatsun Rochelois, waɗanda ke zane ɓaro-ɓaro a taswira, ya kara jirgin a kansu da gangan. Jirgin da ya yi kwana tara ba matuƙi bai nutse ba, wanda aka damƙa wa amanarsa ya fasa masa ciki.

Asiri ya tonu, aka gurfanar da su a Boston. A lokacin hukuncin kisa ne ga kyaftin da ya halaka jirginsa da gangan, masu taya alƙali yanke hukunci kuwa suka kasa haɗa baki. Aka sallame su bisa sharaɗin su mayar da kuɗin inshora. Wata uku bayan haka Parker ya mutu cikin talauci. Katakon jirgin kuwa can aka bar shi a kan duwatsun, ba wanda ya je ɗaukowa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙo masa lasifika.