Kanar ɗin da ya yi yaƙinsa da taragai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau tun da sassafe na fito, ga ni a jihar Virginia, gundumar Stafford, bakin wani rafi da ake kira Potomac Creek. Bari in juya muku kyamara. Kun ga wannan tsohon ginin dutsen da bishiyoyi suka kewaye? A kansa gadar jirgin ƙasa ta zauna lokacin yaƙin basasar Amurka tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, shi ne kuma ya kawo ni nan.

A 1862 sojojin Kudu, da za su ja da baya, sai suka lalata gadar nan don kada abinci da makamai su isa wajen rundunar Arewa da ke kusa da Fredericksburg. Ministan yaƙin Arewa, Edwin Stanton, ya aika aka kira masa wani injiniya mai suna Herman Haupt. Mutumin nan ya gama makarantar soja ta West Point tun 1835, yana ɗan shekara 18, amma bai daɗe ba ya ajiye kaki ya koma aikin layin dogo. Aka ba shi muƙamin kanar, aka ce ga gada nan.

Ku dubi zurfin kwarin nan don Allah. Tsawon gadar wajen ƙafa 400 ne, bisanta kuwa ya kusa ƙafa 100. Ba kafintoci aka ba shi ba, sojoji ne gama-gari, wasu ma ba su taɓa riƙe zarto ba. Itacen ɗanye ne, daga dajin nan aka sare shi, ga ruwan sama, ga taɓo. Cikin kwana 9 jirgi ya haye. Da shugaba Abraham Lincoln ya zo ya gani a watan Mayu, cewa ya yi jirage ɗauke da kaya na ta wucewa a kai, amma gadar babu komai cikinta sai sandunan wake da karan masara.

Ni dai abin da ya fi kama ni game da Haupt ba gadar ba ce. Dokokinsa ne. Ya tarar manyan hafsoshi suna tsayar da jirgi duk inda suka ga dama, suna mayar da tarago ɗakin ajiya ko ofis, alhali can gaba dawakai ba harawa, sojoji ba abinci. Sai ya kafe: jirgi ya tashi a kan lokacinsa, kowane janar ya cire hannunsa daga harkar, tarago kuma da ya iso a sauke kaya nan take a mayar da shi. Ya sha rigima da na sama da shi kan wannan, bai sassauta ba. Wallahi gaskiya ce gare shi, tarago ɗaya da aka riƙe a tasha, cikin wani ne ya kwana da yunwa.

A yaƙin Gettysburg, Yuli 1863, aka ga amfanin taurin kan nan. Layin da ya rage masa daga birnin Baltimore zuwa garin Westminster da ke kan hanyar fagen yaƙin guda ɗaya ne tilo, babu wayar tangaraho, babu isasshen wurin da jirage za su kauce wa juna. Sai ya riƙa tura su ayari-ayari, biyar a jere, su sauke su dawo, sannan wasu biyar su tashi. Itacen hura wuta faskararre aka kawo daga garin Alexandria na jihar Virginia, ruwan tukunyar jirgi kuwa da bokiti ake ɗibarsa a rafi. Da haka yake kai kimanin tan 1,500 na kaya a yini, taragan kuma su dawo ɗauke da dubban masu rauni.

Kada mu manta da masu ɗaukar katako da shimfiɗa ƙarfen dogo. Da yawa cikin ma'aikatan da ya tara daga baya baƙaƙen fata ne da suka gudo daga bauta, shi kansa ya yaba da aikinsu.

An yi masa ƙarin girma zuwa birgediya janar a Satumba 1862, amma ya ƙi sa hannu kan sharuɗɗan muƙamin, shekara guda bayan nan aka sallame shi. Ya rasu a 1905.

To, bari in gangara bakin ruwan in ɗaga muku kyamara sama, ku ga inda jirgin yake bi. Hanyar akwai santsi, ku yi mini haƙuri idan hoton ya ɗan girgiza.