Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina daga Kwamitin Abinci na Makarantarmu, Jos

Mai girma Kwamishina, babban baƙonmu na yau, da 'yan tawagarsa, mai unguwa da dattawa, limamanmu da fastocinmu, shugabar makaranta da malamai, iyaye mata da iyaye maza, 'ya'yanmu ɗalibai. Assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. A madadin kwamitin abinci na wannan makaranta, wanda ya haɗa iyaye da malamai da wakilan ɗalibai, muna yi maka lale marhabin. Ba sai mun tsaya jera ayyukanka ba, gari ya riga ya sani. Mutumin da ya ajiye tulin takardun ofis ya nufo lungunmu, mota ta kasa shigowa ya sauko ya tako da ƙafa, ai ya gama gabatar da kansa. Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

An ce mana lokacinka kaɗan ne, saboda haka dattawan kwamiti suka ce kada mu kai buƙatarmu ƙarshen takarda inda gajiya za ta cinye ta. Ruwa muke roƙo, ranka ya daɗe. Rijiyar burtsatse guda ɗaya, da tanki a sama, da famfo a bakin ɗakin girki. Duk abin da za ka ji daga nan, dalilin roƙon ne.

Wannan unguwa kuza ce ta haife ta. Kakanninmu sun zo daga Kano da Zazzau da Bauchi da Barno, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere, wasu na haƙa, wasu na wanki, wasu na dako, matansu na sayar wa leburori tuwo da ƙosai. Da babban layin dogo ya iso daga Kafanchan a 1927, arzikin ƙasar nan ya riƙa tafiya bakin teku taragu bayan taragu. Kuza ta tafi Ingila, mu aka bar mana ramuka. Har yau suna nan cike da ruwan da ba ya shawuwa, sai dai ya ci yaro idan ya yi wasa kusa. Duk da haka Allah bai hana ƙasar albarka ba. A je kasuwar Farin Gada da asuba a ga manyan motoci ana loda musu tumatir da kabeji da karas da koren wake zuwa kudu. Dankalin turawan da ake soyawa a manyan otal na Abuja da Legas, a tambayi Bokkos da Mangu. Ga acca, wadda yanzu masu ciwon suga ke nema ruwa a jallo, mu kuwa da gwatenta aka yaye mu. Ashe ba abin kunya ba ne yaro ya kwana a gindin wannan arziki, ya wayi gari ya shigo aji da yunwa?

Mun kuma ga tashin hankali. Rikicin Satumbar 2001 ya raba maƙwabta, gobarar kasuwar Terminus a Fabrairun 2002 ta cinye jarin iyaye da yawa da ke zaune a nan, wasunsu har yau ba su miƙe ba. Unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Amma wannan makaranta ba ta rabu ba, kuma da wannan muke tinƙaho. Ɗan liman da 'yar fasto benci ɗaya suke zama, yanzu kuma tire ɗaya suke sa hannu.

Lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare a 2016, kan Naira 70 ga kowane yaro a rana, mun yi murna, mun kuma ga amfaninsa, domin azuzuwa sun cika. Sai dai shirin na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne, yayyensu na aji huɗu zuwa shida ta taga suke leƙe. A Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi, a daidai lokacin da cire tallafin man fetur na Mayun 2023 ya riga ya sa mudun wake ya gagari talaka.

Abin da ya tashe mu tsaye ya faru ne wata safiya cikin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da ke shiga ƙashi. Ana tsaye a layi ana taken ƙasa, wata yarinya 'yar aji biyu ta sulale ta faɗi. Wasu suka fara cewa iska ce, a kawo tazargade. Wata malama ta ɗauke ta zuwa ofis, ta aika aka sayo kunun gyaɗa da ƙosai biyu. Kafin a shiga darasi na biyu yarinyar na tsakar fili tana 'yar gala-gala. Da aka bincika, rabonta da abinci tun azahar ɗin jiya. Malamai suka bi aji-aji suna tambaya, sai ga shi ba ita kaɗai ba ce. Waɗanda ma ake ba su kuɗin tara, alewa da ruwan leda mai kala suke saye a bakin ƙofa, harshe ya yi ja, ciki ba komai.

Daga nan muka zauna, iyaye da malamai, muka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, bari mu fara da abin da ke hannunmu. Kowane gida yana kawo abin da ya sawwaƙa a farkon zango: mai mudun wake, mai masara, mai kwalbar manja. Wanda ba shi da ko ɗaya ya kawo itace, ko uwar ta zo ta taya tsintar wake, kuma ba a kiran sunan kowa a bainar jama'a. 'Yan gwari daga cikin iyaye suna aiko mana da kayan miyan da suka kwana. Iyaye mata sun raba kwanaki, ana girki sau uku a mako: gwate, shinkafa da wake, faten dankali. Malamai kuma sun yarda su bar cin nasu a ofis, kowa ya zauna da 'yan ajinsa. A nan aka gane yaran da ba su iya wanke hannu ba, da masu ɓoye rabin rabonsu a leda don ƙannensu na gida.

Ɗalibai ma an ba su kujera a kwamiti, ko da yake da farko wasu dattawanmu sun ce yaushe aka fara shawara da yaro a kan tukunya. Zaman farko wani ɗan aji biyar ya miƙe, hannu a baya, ya ce: “Baba shugaba, a yi haƙuri, waken akwai tsakuwa, kuma yakuwar gwate ta yi yawa, shi ya sa ƙanana ke zubarwa a bayan aji.” Iyaye mata suka yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Aka gyara, zubarwa ta tsaya. Su ne kuma suka nemi a ba su filin bayan azuzuwa, suka shuka alayyafo da karas da kabeji, kowane aji da kunyarsa.

To, ranka ya daɗe, a nan gizo ke saƙa. Rijiyarmu ta hannu a kan dutse take, da an shiga rani sai guga ya dawo da laka. Ranar girki, kafin a sayi gishiri an biya 'yan garuwa kuɗin kura, kuma kuɗin da ya kamata ya zama kifi ko ƙwai a tiren yara shi ke tafiya a jarka. Bokiti ɗaya aji guda ke wanke hannu a ciki, na ƙarshe a layi ya fi kyau ma bai wanke ba. Lambun yara kuwa, duk shekara muna kallo yana ƙonewa. Bara sun yi ta zuwa da ruwa a gorar lemo daga gida, kowa na shayar da kunyarsa, har iyaye suka hana, don a gidan ma saye ake yi. Mun kuma kama wasu sun nufi kududdufin kuza da bokiti. Ranar babu wanda ya yi barci a cikinmu.

Ba yau muka fara kai kuka ba. Sau biyu wasu mutane suna zuwa da na'ura, su auna, su kafa turke, a tara yara a ɗauki hoto, su ce mako mai zuwa. Turken yana nan, akuyar maƙwabta ake ɗaurewa a jiki. Ba mu kama sunan kowa ba, kuma ba mu zo da ƙara ba.

Akwai sauran buƙatu, amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, za mu ambace su a gurguje: kwanon rufin ɗakin girki yana yoyo, muna son murhu mai tsimin itace saboda hayaƙi na cutar da idanun iyayenmu mata, lambu kuma yana son shinge. Waɗannan in an samu, alhamdu lillahi. In ba a samu ba, za mu lallaɓa. Ruwan ne ya fi ƙarfinmu. Mu kuma mun ɗauki alkawari a gaban dattawa: yashi da tsakuwa da leburanci namu ne, gadi namu ne, gyaran famfo namu ne, ba za mu sake zuwa ofishinka a kan wannan ba.

Ranka ya daɗe, yau ranar gwate ce, kuma wakilan ɗalibai sun ɗanɗana sun ce yakuwa ta yi daidai. Muna roƙon ka zauna cikin 'yan aji uku ka sa albarka a tirensu. In an gama, shugabar makaranta za ta raka ka bayan aji ka ga rijiyar, ka ga turken, taku kaɗan ne daga nan.

Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya.

Shugaba da Sakatariya,
a madadin Kwamitin Abinci na Makaranta.